Daga Raƙumin Sufuri zuwa Motar Haya: Tarihin Abin Hawan Matafiyan Adar

Hayar abin hawa domin fita wata ƙasa tsohuwar sana'a ce a Adar, yankin Tawa da ke Nijar. Ta girmi mota, ta kuma girmi iyakokin da ake tsallakawa a yau. Ƙasar ta duwatsu ce da fadamu, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma abin da gona ke bayarwa sau da yawa ba ya kai gida zuwa wata kaka. Saboda haka da zarar an sa gero a rumbu sai maza su kama hanya, su tafi biɗa, kamar yadda ake cewa a yankin. Garuruwan arewacin Tawa irin su Barmu, Kalfu, Afala da Takanamat suna daf da inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara, kuma a kasuwanninsu na mako ne mai hatsi da mai dabba ke haɗuwa. Barmu ta yi suna a cikin irin waɗannan kasuwanni. Mafi yawan masu tafiya ba su mallaki abin da zai ɗauke su ko ya ɗauki kayansu ba, don haka tun fil azal akwai mai bayarwa haya da mai karɓa.

Kafin zuwan Nasara, raƙuma a hannun Abzinawa suke. Tun bayan da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabi da yaƙi wajen 1674 ya karɓe Adar, ƙasar ta shiga cikin harkokin Abzin. Daga baya Kel Geres suka zauna ta kudu maso gabas, Iwillimmidan na Azawak kuma suka riƙe arewa. Hanyoyin fatauci sun fita ta ko'ina: arewa zuwa Ingal da Tigidda ɗauko gishiri da dabino, kudu zuwa Ƙonni, Sakkwato da Jega, yamma mai nisa kuma zuwa Gwanja inda ake sayo goro. Raƙumi na ɗaukar kimanin kilo 150, takarkari ya biyo baya, jaki ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan raƙumi. Ƙaramin falke da jakinsa yake tafiya, amma wanda hajarsa ta yi yawa sai ya nemi sufuri, ya biya da hatsi, da tufa ko da wuri.

Zaɓen dabbar sufuri ilimi ne mai zaman kansa. Ana duba tozo don a san ko raƙumin ya ƙoshi, a ɗaga tafin ƙafa a ga ko duwatsu sun cinye shi, a shafa baya a nemi miki inda sirdi ke zama, a buɗe baki a ƙiyasta shekaru. Duk da haka ba a nan maganar take ƙarewa ba, domin ba a ba mutum raƙumi ya tafi da shi shi kaɗai. Dabbar tana tafiya ne da mai ita, ko da ɗansa, ko da baransa, wanda zai ɗaura kaya, ya sauke, ya kai kiwo da dare. Saboda haka falke ya fi damuwa da wanda zai ja akala fiye da amalen kansa. Dillalin kasuwa ko maigidan da baƙo ya sauka wurinsa ne ke tsaya wa ɓangarorin biyu, ya karɓi la'ada, kuma idan aka ci amana shi za a fara tuhuma. Sama da kowa akwai madugu, wanda ya san rijiyoyi, ya san zango, ya san sarakunan da ake biya kuɗin hanya da kuɗin fito. Mutum na iya fasa tafiyar shekara guda don kawai bai yarda da madugun ayarin ba.

Malamai ma ba su bar wannan ciniki kara zube ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Adar, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun raba hayar dabba gida biyu. Idan aka yi haya a kan wata dabba takamaimai, aka nuna ta, sai ta mutu a hanya, yarjejeniya ta warware a kan abin da ya rage na tafiyar, a biya gwargwadon inda aka kai. Idan kuwa mai dabbobi ya ɗauki lamunin kai mutum gari kaza ba tare da an ayyana dabba ba, to ko ta mutu wajibi ne ya kawo wata. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai wajen fahimtar abin da ya biyo baya, domin duk rigimar da ake yi a tasha yau idan mota ta mutu a daji, a kanta take juyawa, ko da masu rigimar ba su taɓa buɗe littafin ba.

Zuwan Faransawa ya fara ne da lalata sana'ar. Yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1898 ta ba Ingilishi duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya tilasta wa Faransawa zagayawa ta arewa idan za su tafi Damagaram daga bakin Kwara. Hanyar ta bi ta Filinge da Tawa, ta ratsa dajin da rijiyoyinsa ke nesa da juna. Wannan ne ya ɗaga darajar Tawa a idonsu, suka kafa bariki a can a farkon ƙarni na 20. Ayarin sojansu kuwa raƙuma da takarkarai da jakunan mutanen ƙasa ne suka ɗauke shi, wani lokaci da ɗan abin da aka kira lada, wani lokaci a banza. Dabbobi da yawa sun mutu a wannan hanya, masu su kuma suka koyi ɓoye su ko ƙaura da su. An gyara iyakar a 1904 da 1906 har Ƙonni da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa, amma karɓar dabbobi da aikin tilas ba su tsaya ba sai da dokar 1946 ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Abin da ya fi tura mutane waje shi ne lanho, harajin kai da ake biya da kuɗi a ƙasar da kuɗi ba su yawaita ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ta 1931 suka ƙara. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka Ba'adare kan taka da ƙafa kwana da kwanaki har ya riski dogo, sannan ya biya kuɗin jirgi zuwa kudu. Mota ta bayyana a wannan zamani, sai dai ba domin talaka ba. Motocin Citroën masu ƙafar sarƙa sun ratsa daga Yamai zuwa Damagaram a ƙarshen 1924, kuma a shekarun 1930 wani kamfanin Aljeriya ya riƙa jigilar wasiƙu da fasinja daga Aljas ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram har Kano. Fasinjojin Turawa ne da 'yan kasuwa masu hali. Adar ba ta noman gyaɗa irin na Maraɗi da Damagaram, don haka manyan kamfanonin ciniki ba su yi gaggawar turo mata motoci ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne babbar mota ta zama abin hawan ɗan biɗa. Kurmi, wato ƙasashen bakin teku, ta buɗe: Kumasi da Akara da farko, sannan Abijan, wadda ta bunƙasa bayan buɗe mashigin Vridi a 1950 da isar dogonta Wagadugu a 1954. Gadar Gaya da Malanbil ta 1958 ta sauƙaƙa hanyar Dahome. A Kano, wasu attajirai da suka haɗa da Alhaji Muhammadu Nagoda, Alhaji Haruna Ƙasim da Ibrahim Musa Gashash sun kafa ƙungiyar jigilar alhazai a 1948, motocinsu na bi ta Maiduguri da Cadi zuwa Sudan, tafiyar da a da take cin shekaru a ƙafa.

A wannan lokaci tasha ta samu tsarin da aka san ta da shi. Akwai mai mota, wanda sau da yawa yana gida, akwai direba, akwai karen mota mai ɗaurin kaya da sa waigi, akwai kuma ɗan kamasho mai tara fasinja ya karɓi rabonsa. Mai kuɗi ya zauna gidan gaba kusa da direba, saura su hau bisa buhunan albasa ko wake. Albasar Galmi da Madawa da Tamaske da ake kaiwa bakin teku ta ɗauki 'yan biɗa masu yawa a bayanta. Wanda ya lura zai ga tsoffin muƙamai ne suka sake riga: ɗan kamasho ya gaji dillali, direba ya gaji madugu. Fasinja ba ya buɗe inji, ba ya ma san abin da zai duba a ciki. Abin da yake tambaya shi ne direban ɗan wane gari ne, yaron wa ne, shekara nawa ya yi a kan hanyar, ko yana shan wani abu, kuma yaya yake da jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan. Direban da aka yarda da shi ya zama gidan waya: shi ake ba wasiƙa, daga baya kaset, shi ake damƙa wa kuɗin cefanen iyali da na lanho ya kawo gida. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana ne suka karɓe masa wannan aiki a 'yan shekarun nan.

Hayar mota sukutum, wato shata, ba ta zama ruwan dare ba sai a lokuta na musamman. Mutanen gari ɗaya da ke Abijan ko Legas kan haɗa kuɗi su ɗauki mota guda idan damina ta ƙarato, su cika ta da katifu, kwanon rufi, kekuna da rediyo, ta kai su har ƙofar gida. Ana yin haka kuma don kai amarya, ko dawo da marar lafiya. Sai kuma shatar dole. Lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a ƙarshen 1969, da lokacin da gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya a Janairun 1983, wanda ya sami motar da za ta fid da shi da kayansa bai tsaya duba tayoyi ba, kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Rufe iyakar Najeriya daga Afrilun 1984 zuwa 1986 ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. A shekarar 1984 ɗin ce aka fara aikin raya karkara na Kaita, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin jidar dutse, saboda mazan suna waje.

Kwalta ta sauya lissafi. Bayan fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, an shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, a ƙarshen shekarun 1970. Tawa ta tashi daga matsayin ƙarshen hanya ta zama mararraba. Ƙananan motoci suka samu wurin gudu: Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sannan Toyota Hiace da sauran motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Lome. Ga mutumin ƙauyen arewacin Adar, tafiyar ta zama hawa-hawa. Motar ranar kasuwa ta fid da shi daga Barmu ko wata kasuwar mako zuwa Tawa, wata ta kai shi Ƙonni, ya tsallaka Illela ya nemi ta Sakkwato.

Wannan sauke-sauke a bakin iyaka yana da dalili. Mutum ya fi mota sauƙin tsallakawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ba biza har kwana 90, amma mota sai da takardunta, da izinin shiga na ɗan lokaci daga duwan, da inshorar da ke aiki a ƙasar da za a shiga. Domin wannan ne aka ƙirƙiro katin inshora mai ruwan ƙasa na ƙungiyar a 1982. Kafin Afrilun 1972 ma har hannun tuƙi ya bambanta, domin Najeriya hagu take bi, Nijar dama, Gana kuwa ba ta koma dama ba sai 1974. Ƙari a kan haka, motar da ke ɗauke da lambar wata ƙasa ita ce abincin kowane shinge. Saboda haka mai ƙaramar motar haya ya gwammace ya tsaya inda aka san shi, ya miƙa fasinjansa ga takwaransa na ƙetare.

Kamfanonin manyan bas ne suka cike wannan giɓi. Gwamnatin Nijar ta fara da kamfanin SNTN bayan samun 'yancin kai, sashen fasinjanta ya koma SNTV, sannan daga wajen shekarar 2000 'yan kasuwa suka shigo da ƙarfi da kamfanoni irin su Rimbo, Azawad, Sonef da STM, masu zuwa Kwatano, Lome, Akara, Wagadugu da Abijan. Abin da suka kawo sabo ba sanyin cikin mota ba ne kawai. Tikiti ne mai lamba, da lokacin tashi sananne, da ma'aikacin da ke riƙe takardun mota a kowace iyaka. Mafi muhimmanci, kamfani lamunin kai mutum yake sayarwa, ba wata mota takamaimai ba, don haka idan bas ta lalace ana sa ran a turo wata. Wato an koma nau'i na biyu na hayar da malaman fiƙihu suka bayyana. A nan ne karon farko Ba'adare ya fara zaɓen suna a jikin allo maimakon fuskar direba, ko da yake har yanzu labarin da 'yan gari suka kawo game da kamfani ya fi kowace talla tasiri.

Hanyar arewa labarinta daban. Arzikin man Libiya da Aljeriya ya ja mutanen Adar tun shekarun 1970, musamman bayan farin 1973. Da farko manyan motocin Mercedes ne ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da Sabha, mutane fiye da ɗari bisa kaya, jarkokin ruwa na reto a gefe. Daga baya Toyota Hilux ta karɓe hanyar, tana ɗaukar mutum ashirin da 'yan kai, kowa ya rungumi sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Masu zuwa Aljeriya kan bi ta Arlit da Asamaka, ko su yanke ta Cintabaradan da Tasara. A nan zaɓen mota batun rai ne. Ana son a san ko direba ya san rijiyoyi, ko motar za ta tafi cikin ayari ko ita kaɗai, tayoyin ajiya nawa ta ɗauka, ko akwai wayar tauraron ɗan adam. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara daga jihar Damagaram, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Dokar 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 2016, ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci da dama. Tafiyar ba ta tsaya ba. Tsofaffin direbobi da yawa sun janye, waɗanda suka rage suka riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke tsarewa, kuɗi ya ƙaru, haɗari ma ya ƙaru. Gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Irin hayar da aka sani a Turai da Amurka, inda ake miƙa wa mutum makulli ya tuƙa da kansa, ba ta yi saiwa a Adar ba. A can ma ba ta daɗe sosai ba: Sixt ya fara a Jamus a 1912, kamfanin da ya zama Hertz ya fara a Chicago a 1918 da 'yan motocin Ford goma sha biyu, Avis kuma ya buɗe a filin jirgin sama kusa da Detroit a 1946. Tsarin ya dogara ne kacokan a kan takarda: lasin tuƙi, katin banki da za a riƙe kuɗin jingina a cikinsa, inshora mai bayyana abin da mai haya zai biya daga aljihunsa idan an yi haɗari, da sharaɗin ko an yarda a fita da motar daga ƙasar. Inda babu waɗannan, babu mai hankalin da zai ba baƙo motarsa. Shi ya sa hayar mota a Nijar kusan kullum da direbanta take zuwa. Haka kamfanonin yawon buɗe ido na Agadas suka yi a shekarun 1980, irin Temet Voyages na Mano Dayak, kafin tawayen shekarun 1990 da na 2007 su durƙusar da harkar. Haka kuma ƙungiyoyin agaji ke yi a Tawa, inda ake ɗaukar Land Cruiser da kuɗin yini, man fetur a kan mai haya, gyara a kan mai mota. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara a 2017, irin wannan haya zuwa arewa ta ƙara tsada da sharuɗɗa.

'Yan Adar da ke cin karo da hayar tuƙa-da-kanka su ne mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka, da 'yan kasuwa masu zuwa Dubai. Su ne ke koyon cewa kamfanoni da yawa ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, wasu ma sai 25, cewa ana iya neman lasin ƙasa da ƙasa tare da na gida, kuma a ɗauki hoton duk wani ƙarce a jikin mota kafin a tashi. A ƙasar Sin lasin ƙasa da ƙasa ba ya aiki ma sam. Galibin 'yan kasuwa ba sa wahalar da kansu da wannan: ɗan gari da ya riga su zama can ne ke tarbarsu, ya haɗa su da direban da ya sani.

Juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ya sake motsa hanyoyin. ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta buɗe nata a Maris na 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe gadar Gaya ta ɓangarenta. Hanyar Burkina Faso kuma matsalar tsaro ta sa manyan motoci ba sa bin ta sai da rakiyar soja. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasar har zuwa wani lokaci. A shekarar 2024, ɗan biɗa daga Tawa mai nufin Kwatano ko Abijan ta hanyar Benin kan sauka daga bas a Gaya, ya biya kuɗin kwalekwale ya haye Kwara da kayansa, sannan ya shiga wata motar a Malanbil.